Zauren Gwaggo: Su ma Yahudawa suna kukan jinkirin aure?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta gabata, cikin amsar da na ba wata ɗiyata kan jinkirin aure, na jefa wata magana da ke cikin littattafan Yahudawa, inda malamansu suka ce haɗa mace da mijinta yana da wuya kamar tsaga tekun da aka yi wa Annabi Musa. To tun daga ranar wayar filin nan ba ta huta ba, wasu na tambaya wasu na faɗa. Na tsamo guda huɗu, kuma kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni, ya aiki ya ɗiya. Ni malamar makaranta ta, shekarata 34, ina zaune gidanmu Mabera, ƙannena mata ukku dut sun yi aure. Maganar da kinka yi wallahi ta tsaya min ga rai, don ko Facebook na taɓa ganin bidiyon matansu tsaye gaban wani bango suna kuka suna cusa takarda cikin tsagar dutse, ƙasa anka rubuta wai miji suke roƙo. Su ma suna da wagga matsala? kuma ya suke addu'a tasu? Don ni Gwaggo na gaji, na yi tahajjud na yi azumin Litinin da Alhamis na yi sadaka, yanzu in na ɗaga hannu ban san mi zan ce ba sai in ji kamar hadda nike maimaitawa, wani lokaci har kunyar Allah nike ji ko na cika naci. Satin da ya wuce anka yi bikin ɗalibata wadda na koyar tun tana aji ukku, na ɗinka anko na tahi, wajen kamu wata tsohuwa ta riƙe min hannu gaban mutane ta ce malama saura ke, ko zaɓe kike yi. Na yi dariya, amma da na shiga Keke kuka na yi har ƙofar gida.

AMSA: Ɗiyata, kukan da kika yi cikin Keke ba ƙarancin imani ba ne, ciwo ne, kuma tsohuwar nan ba ta kyauta ba ko da alheri ta nufa.

E suna da matsalar, musamman masu tsananin riƙo da addini a cikinsu, waɗanda kike gani da baƙar hula da dogon gemu a Amurka da Isra'ila da Ingila. Aure wajensu babban al'amari ne, tun farkon Attaura aka ce bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba, kuma wani tsohon littafinsu na maganganun malamai ya yanka shekara 18 a matsayin lokacin auren saurayi. Yarinya na gama makarantar addini tana 'yar 19 ko 20 za a kai sunanta wajen mai dalilin aure, su shadkan suke ce masa, da takarda guda an rubuta sunan uba da na uwa da makarantun da ta yi da gidajen da yayyenta suka yi aure da lambobin waɗanda za a kira a yi bincike, in abu ya ƙullu a biya shi ladansa. Wadda ta kai 25 ba ta samu ba sai a fara yi mata kallon wadda ta daɗe. Ki kuma tuna su ba sa tara mata, tun wajen shekara ta 1000 miladiyya wani babban malaminsu a Jamus mai suna Gershom ya hana Yahudawan Turai yin mata biyu, to shawarar da ake ba ki a nan ta "ko ta biyu ce ki shiga" su ba su da ita. Har "saura ke" ɗin nan suna da tasu, a wajen biki a ce wa mara aure in Allah ya so sai naki, kuma 'yan matansu da yawa sun fito sun faɗi yadda kalmar ke sukarsu. Bangon da kika gani shi ne wanda mu muke kira Bangon Buraƙa a Ƙudus, su suna ce masa Kotel, mata gefe guda maza gefe guda, takardun nan sau biyu a shekara ake kwashe su a binne a Dutsen Zaitun.

Amma ni ba bangon ne ya fi jan hankalina ba, yadda suka ɗauki addu'ar mai jira shi ne. Suna da ibada sau uku a rana, safe da la'asar da dare, kuma ƙashin bayanta wata addu'a ce da suke kira Amida, a tsaye ake yi ƙafafu a haɗe ana fuskantar Ƙudus, a ranakun aiki gaɓa 19 gare ta. Lafazinta a tsare yake ba a canzawa, amma a gaɓa ta 16 wadda ake cewa Ya Ubangiji ka ji muryarmu, an bar wa mutum fili ya sako damuwarsa da bakinsa, mai neman miji ta faɗa, mai bin bashi ya faɗa. Kuma a ɓoye ake yin ta, leɓe na motsi na kusa da kai ba ya ji. Kin san daga wa suka koyi wannan? Daga mace. Sunanta Hannatu, mahaifiyar annabin nan da masu tafsirinmu ke kira Shamwilu, wanda ya naɗa Ɗalutu sarki. Ita tana da miji, haihuwa ce ba ta samu ba, ga kishiya mai 'ya'ya tana yi mata gori shekara da shekaru har ta kasa cin abinci, mijin kuma yana sonta amma bai gane ba, cewa yake ashe ni ban fi miki 'ya'ya goma ba. Ran nan ta je wurin ibadarsu a Shilo ta tsaya tana kuka tana magana cikin zuciya, leɓenta kawai ke motsi, babban limamin wurin mai suna Eli yana zaune bakin ƙofa yana kallonta har ya ɗauka giya ta sha, ya yi mata faɗa. Ta ce a'a ranka ya daɗe, ni mace ce mai baƙin ciki, zuciyata nake zubarwa gaban Ubangiji. Daga wannan tsayuwar malaman Talmud, babban littafinsu na fiƙihu da maganganun malamai, suka ciro dokokin addu'a masu yawa, wato matar da aka yi wa gori a gida aka yi mata mummunan zato a wurin ibada ita ta zama malamar kowa. Sai kuma abin da na fi so ki riƙe, littafin ya ce da ta gama ta tafi ta ci abinci kuma fuskarta ba ta ƙara zama kamar da ba. A lokacin fa ba ta da ciki, babu abin da ya canza a gidan, kishiyar na nan. Sauƙin ya riga biyan buƙatar zuwa, saboda ta faɗi abin da ke cinta yadda yake.

Kin ce kina ji kamar hadda kike maimaitawa. Akwai wani malaminsu a ƙasar Yukiren, Rabbi Nahman na Breslov, an haife shi 1772 ya rasu 1810 yana ɗan shekara 38, kin ga zamaninsu ɗaya da Shehu, ya rasu shekara guda bayan Muhammadu Bello ya kafa garin nan na Sakkwato. Shi abin da ya fi nanata wa almajiransa shi ne kowa ya ware lokaci kullum, in da hali awa guda, ya keɓe a ɗaki ko a fili cikin daji, ya yi wa Allah magana da harshen da ya sha a nono, wato Yidish ɗin da suke yi a kasuwa da gida, ba Ibrananci na littafi ba. Ya ce ka faɗi komai, har da cewa na zo amma bakina ya ƙi buɗewa, in kalma ɗaya ce ta zo maka ka yi ta maimaita ta, zaman da ka yi kana son magana ma abu ne. Shi ne ya ce babu wani abu wai shi yanke ƙauna a duniya sam, kuma mutumin da ya faɗi haka ya binne 'ya'ya ya binne mata, tarin fuka ne ya yi ajalinsa. Tun kafin shi ma matansu na Turai suna da ƙananan littattafan addu'a da Yidish da ake kira tikines, saboda yawancinsu ba a koya musu Ibrananci ba, wasu ma mata ne suka rubuta. In na karanta wannan Nana Asma'u nake tunawa, da ta zauna ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci aka ba jajis, wato mata masu koyarwa, suka kai wa 'yan taru, ɗalibansu mata, a ƙauyuka, don ta san zuciya ta fi jin harshen da take kuka da shi.

To ɗiyata, a wajen salla babu malamin da ya hana ki roƙi Allah da Hausa, da Sakkwatancinki ma, cikin sujada ne ake da saɓani sai ki tambayi malaminki. Ki ce Ya Rabbi na gaji, tsohuwar nan ta ƙona min rai, ina jin kishin ƙannena kuma ba na son in ji, ina tsoron in tsufa a ɗakin innata. Ai ya riga ya sani, ke ce kike buƙatar ki faɗa.

Batun naci kuwa, a shafi ɗaya na Talmud akwai magana biyu da za ki ɗauka suna karo. Ɗaya ta ce wanda ya roƙa bai ga amsa ba ya sake roƙa, suka kafa hujja da ƙarshen Zabura ta 27 da ta ce ka sa rai ga Ubangiji, ka ƙarfafa zuciyarka, ka kuma sa rai ga Ubangiji. Ɗayar ta ce wanda ya tsawaita addu'a yana zuba ido yana lissafin sakamako ƙarshensa ciwon zuciya. Da suka zo daidaita su sai suka ce tsawaitawar ba ita ce matsala ba, lissafin ne. Kuma wallahi nan gizo ke saƙar ga yawancinmu. Mun yi tahajjud kwana kaza, azumi kaza, sadaka kaza, sai mu tsaya muna duba ƙofa kamar wanda ya zuba adashe yana jiran ranar kwasarsa, in ranar ta wuce sai zuciya ta fara cewa ko dai ni Allah ba ya sona. Manzon Allah (SAW) ya ce ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa min ba. Kunyar naci kuwa ki ajiye ta, mutum ne ke gajiya da roƙo. Su kansu suna da ruwaya cewa Annabi Musa ya roƙa sau 515 a bar shi ya shiga ƙasa mai tsarki ba a ba shi ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa hakan ya rage masa daraja.

Wani abu kuma da suke yi ya sa na daɗe ina tunani. Ranar Juma'a da yamma, minti 18 kafin rana ta faɗi, mace na kunna kyandir na shigar Asabar, ranar hutu da ibadarsu, ta zagaya hannuwanta kan hasken sau uku ta rufe fuska da tafukanta ta karanta albarka, sannan ta ɗan tsaya a haka idonta a rufe tana roƙon abin da ke ranta, a wasu gidajen 'yan mata marasa aure ma suna kunna guda ɗaya nasu. Amma da zarar Asabar ta shiga sai a ajiye koke-koke, gaɓoɓin neman buƙata na Amida duk a cire su, daga 19 su koma 7, har sai dare ya yi ranar Asabar. Wato kwana guda cikin mako an ce wa mai jira yau ki ci ki sha ki yi godiya, ba ke ce "wadda ba ta yi aure ba" yau. Ba cewa nake ki yi Asabar ba, Allah shi tsare, mu da namu addinin. Cewa nake kar ki bari duk addu'arki da duk hirarki da duk kwananki su zama kan miji. Kin koyar da yarinya tun aji uku har ta girma ta gayyace ki bikinta, shekarun nan ba zaman jira kika yi ba, aiki kika yi kuma an rubuta miki.

TAMBAYA: Haba Gwaggo. Dut littattahwan Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello sun ƙare sai kin ɗauko muna maganar Yahudu? Ba ki ganin abin da anka yi ma 'yan'uwanmu Gaza? Ni ban ji daɗi ba kuma ba ni kaɗai na ba. Daga wani dattijo, Ƙofar Atiku.

AMSA: Baba Allah shi ƙara girma, kuma na gode da ka faɗa min kai tsaye. Ina gani, hotunan yaran Gaza sun hana ni barci kamar yadda suka hana ka, kuma babu abin da zan rubuta da zai wanke wanda ya zubar da jininsu. Amma Hannatu da ke kuka a Shilo da yarinyar da ke rufe fuska gaban kyandir tana roƙon miji ba su ne gwamnati ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, ya kuma ce kar mu gaskata ma'abota littafi kar mu ƙaryata su a abin da ba mu da nassi, a kan wannan layin nake tafiya. Ibada ba a ɗaukarta daga wajen kowa sai daga Alƙur'ani da Sunna, sanin yadda wasu ke ɗaukar nauyin da muke ɗauka kuwa yana sa ɗiyarka ta gane ba ita kaɗai ba ce a duniya.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki Baba. Littafin da masu addininsu suka fi komawa gare shi kan dogaro ga Allah, da Larabci aka rubuta shi. Wani alƙalinsu ne a Andalus a ƙarni na 11 miladiyya, Bahya bin Faƙuda, ya sa masa suna Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub, a ciki akwai babi sukutum kan tawakkali, kuma masu bincike sun nuna ya ɗebo da yawa daga littattafan zuhudu na malaman Musulmi, sai daga baya aka mayar da shi Ibrananci. A babin ya yi magana kan wanda ba shi da iyali, ya ce ya mai da Allah abokin zamansa a lokacin kaɗaicinsa. Har yau masu addininsu suna karanta wannan babin. Ka ga wani sashe na abin da na kawo, daga gidanmu ya fita tun farko.

TAMBAYA: Gwaggo ni ɗan kasuwa na, ina sai da yadi Babbar Kasuwa, shekarata 38 ban taɓa aure ba, abokaina tuzuru suke ce min. Akwai yarinyar da nike so shekara ukku ke nan, babanta ya ce sai ta gama jami'a, yanzu kuma na ji wani mai kuɗi ya shigo. Kullum da sunanta nike addu'a, ina cewa Allah in ba ita ba ban son kowa. Wani malami ya ce in kawo rago da dubu hamsin a yi min aiki. Su Yahudawan sun yarda an rubuta ma kowa matatai?

AMSA: Ƙanena, sun yarda. Talmud ta ce kwana 40 kafin a halicci jariri ake shela daga sama cewa 'yar wane ta wane ce, abin da mu muka taƙaita da matar mutum kabarinsa. Amma a littafin nan dai akwai labarin wani babban malaminsu a Iraƙi mai suna Raba, ya ji wani mutum yana addu'a irin taka sak, Allah ka ba ni wance. Raba ya ce masa kar ka yi irin wannan roƙon, in taka ce ba za ta wuce ka ba, in kuma ba taka ba ce ƙarshenta za ka kafirce wa Allah, don za ka ce ka roƙa an hana ka. Ka lura ba son yarinyar ya hana shi ba, imanin mutumin ya ji wa tsoro. Ni ma shi nake ji maka, saboda "in ba ita ba ban son kowa" sharaɗi ne kake gindaya wa Ubangiji, mu kuma an koya mana istihara ne, in alheri ce ka ƙaddara min ita, in sharri ce ka juyar da ita daga gare ni ka juyar da ni daga gare ta, ka ƙaddara min alheri duk inda yake sannan ka sa in yarda da shi. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce mai wuya kuma ita ce maganinka.

Tuzurun da suke ce maka kar ya dame ka, a Attaura Annabi Ishaƙa sai da ya kai 40 ya yi aure, kuma bawan da Annabi Ibrahim ya aika neman matar da ya tsaya bakin rijiya da raƙuma goma bai roƙi kyau ko dukiya ba, cewa ya yi wadda zan roƙa ruwa ta ba ni ta kuma ce bari in shayar da raƙumanka, ita ce. Hali ya roƙa. Rago da dubu hamsin kuwa kar ka ba da ko sisi. Su ma suna da irin waɗannan abubuwan, masu zuwa kabarin wani tsohon malami a Amuka kusa da garin Safad, masu zuwa bango kwana 40 a jere, masu talla a biya su su yi maka addu'a, kuma a cikin malamansu akwai masu gargaɗi cewa kar a mai da Allah abin da ake latsawa ya zubo. Ka ɗauki kuɗin ka yi wa kawunka ko yayan babanka goro su je su zauna da mahaifinta a matsayin manya, a ba ka magana guda, e ko a'a. Shekara uku ta isa a san matsayi.

TAMBAYA: Hajiya ni uwa ta. Ɗiyata ta gama digiri nan Jami'ar Ɗanfodiyo tana aiki, shekara 29, maƙwabta na cewa ta yi kwantai. Babanta ya rantse bayan Salla zai ba da ita ga dut wanda ya samu ko sadaka ta. Tana kwana kuka ni ma ina kuka. Mi zan yi? Daga Gawon Nama.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah shi sanyaya miki. Bari in ba ki labarin da maganar tsaga teku ta fito daga cikinsa. Wata hamshaƙiyar Barumiya ta tambayi wani malaminsu, Rabbi Yosi bin Halafta, tun da Allah ya gama halittar duniya me yake yi. Ya ce yana haɗa aure. Ta ce wannan ai ni ma zan iya, ta tara bayinta maza dubu mata dubu ta jera su layi biyu, kai ga taka ke ga naki, a dare ɗaya ta gama. Gari na wayewa suka cika mata ƙofa, wannan kai a fashe wannan ido a kumbure wancan ƙafa a karye, kowa na cewa ba na so. Ta aika aka kira malamin ta ce gaskiyarka. Auren "duk wanda ya samu" ke nan, kuma kotunanmu na nan garin sun shaida, yarinyar da aka aurar don a huta da bakin maƙwabta ita ce ke dawowa da goyo da takardar saki, bakin kuma bai rufu ba.

Akwai wata al'adarsu ta da can da nake so mata irinmu su ji. A ranar 15 ga watansu na Ab, 'yan matan Ƙudus kan fita gonakin inabi da fararen kaya samari su zo su gani, amma doka ce kowace yarinya kayan aro za ta sa, har 'yar sarki, don kar a kunyata wadda ba ta da shi. Yau kuma a bukukuwansu amarya kan riƙe takarda da sunayen ƙawayenta marasa aure ta yi musu addu'a a lokacin ɗaurin aurenta, saboda sun ce wanda ya roƙa wa ɗan'uwansa abin da shi ma yake buƙata shi ake fara amsa wa, mu kuma hadisin Muslim ya ce mala'ika na ce masa kai ma kana da irinsa. To ki fara daga ɗakinki, kar kalmar kwantai ta ƙara shigowa gidanki ta fita ba ki mayar da ita ba, ko daga bakin wa ta fito. Ki daina kuka a gabanta don tana ɗaukar hawayenki a matsayin laifinta, in za ku tashi da dare ku tashi tare, ke ki roƙa wa 'yar maƙwabciyarki ita ta roƙa wa ƙawarta.

Babanta kuma ba ke za ki tare shi ba tunda ya riga ya rantse, fushi zai ƙara. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacinsu, ya zaunar da shi ya tuna masa ba a aurar da budurwa sai da izininta, kuma Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba ta so. Rantsuwar tana da kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku, limamin zai yi masa bayani. Ki yi wannan tun yanzu kafin Sallar ta matso ya riga ya yi wa wani alkawari.